Teburin Anti

Umma,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Abba? Yaya Auta da karatu? Ni lafiya lau, ina ci ina sha, kada ki sa komai a ranki.

Kin tambayi aikina. Kamfaninmu na da manhajojin kwamfuta biyu, ta ciniki da ta sito, amma ba sa jin maganar juna. Aka ce in zaɓo wadda za ta shiga tsakani, ta riƙa kai musu saƙo. Jiya na zaɓa.

Da ma akwai mai wannan aikin da hannu, wata dattijuwa da muke kira Anti. Teburinta na jikin nawa, kuma ita kaɗai ke tambayata ko na karya kumallo. Manhajar na fara aiki, nata ya ƙare. Ta sani.

Manaja ya yaba mini. Na ce na gode, amma kamar ba a jikina ba.

A turo mini hoton jaririn Yaya. A sa ni a addu'a.

Anti ta ga ina rubutu. Ta ce in gaishe ki, wai kin iya tarbiyya.

Ɗanki.