Na Buɗe Ido a Tsakiyar Waƙa

Gwaggo, don Allah ki taimake ni. Ban san wanda zan kai wa wannan magana bai yi mini dariya ba, ni kuwa dariyar ce ta ishe ni.

Ranar Asabar da ta wuce na buɗe idona a tsakiyar waƙa, kuma tun daga ranar ban ƙara zama daidai ba. Na san ba ki gane ba tukuna, bari in koma baya.

Bara na yi aure. Mijina mai gyaran firiji ne, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Matarsa ta farko ta rasu ta bar masa 'ya'ya uku. Babbar, wadda ƙannenta ke kira Yaya, shekararta goma sha biyar. Na tsakiya yana da tara, Injiniya muke ce masa saboda duk abin da ya taɓa sai ya kwance shi. Sai Auta, 'yar shekara huɗu. Ni kuwa tun ina makaranta littattafan soyayya ne abincina. Na karanta labarin matar uba ya fi a ƙirga, na san yadda abin yake tafiya: da farko yara su yi mata kallon banza, sai ta yi musu wani abu mai taushi, a babin ƙarshe su faɗo jikinta suna kuka suna neman gafara. Saboda haka ban tsorata ba. Da shirina na shigo gidan.

Shirin kuwa shi ne in koya musu jin daɗin kiɗa. Na taɓa karanta wata da ke zaunar da yara a falo da yamma, labule na kaɗawa, sarewa na tashi a hankali, har zukatansu suka narke. Namu falon labule ɗaya ne, kuma ba ya kaɗawa, don an jingina masa wani tsohon firiji da mai shi ya ƙi zuwa ya ɗauka. Na ce ba komai, zuciya ce abin.

Na sayi 'yar sifika, na tara tsofaffin waƙoƙi masu sanyi a wayata, na kafa doka. Kowace Asabar da yamma, awa guda, kowa ya zauna ya rufe ido, ba motsi, ba magana. In an gama kowa ya faɗi abin da zuciyarsa ta gani. Ni nakan ga lambu da ƙorama. Auta ta ce ta ga kaza. Mako na biyu ma kaza. Injiniya ya ce duhu ya gani, har yana tambayata ko dama akwai wani abin da ake gani in an rufe ido. Yaya ta ce ita ba ta ga komai ba, Matar Baba. Haka take kirana, Gwaggo, ko Anti ba ta taɓa ce mini ba, kuma cikin ladabi take faɗa, yadda ba ki da inda za ki kama ta. Babansu kuwa ya fi kowa bin doka, tun kafin a kunna yake rufe ido, sai dai minsharinsa yakan sha gaban sarewar.

Duk da haka na ga ci gaba. Yaran da ba sa iya zama ɗaki ɗaya sai an ji ihu, sai ga shi Asabar na yi su ke riga ni zama. Yaya, wadda abin sauraro ba ya barin kunnenta ko wanke-wanke take yi, takan cire shi ta ajiye. Ranar da sifikar ta faɗi ta daina magana, kafin in dawo daga kasuwa Injiniya ya kwance ta ya mayar ya ɗaure, abin da bai taɓa yi wa komai ba, don shi kwancewa kawai ya iya. Na ce a raina mun kusa babin ƙarshe. Har na ware rigar da zan sa, wadda hawaye ba zai ɓata ba.

To, Asabar ɗin nan, ana tsakiyar waƙar da na fi so, daidai inda sarewa ke hawa sama, sai ƙuda ya sauka a hancina. Na ɗan buɗe ido. Gwaggo, babu wanda idonsa ke rufe sai ni da mai minshari. A ƙyallin ƙofar firijin nan, kamar a madubi, na hango Yaya tsaye a bayan kujerata, ta yafa tawul yadda nake yafa mayafi, ta ɗora hannu a ƙirji, tana lanƙwasa wuya tana motsa baki da baitocin waƙar, har da wani ɗan cije leɓe da ban san ina yi ba. Injiniya ya kifa bokitin wanki tsakanin ƙafafunsa yana kaɗa shi da yatsu a hankali, duk inda babansu ya ja minshari sai ya ba shi amsa. Auta na tsakiyar tabarma tana juyi, ta cusa bakin rigarta a baki don kada dariya ta kuɓuce. Yadda suke yi ba tuntuɓe, ba kallon juna, na gane ba ranar suka fara ba.

Na mayar da idona na rufe, na zauna har waƙar ta ƙare. Auta ta ce kaza ta gani. Na shiga ɗaki na yi kukan da na tanada musu.

Na gaya wa mijina, ya ce shi dai bai ga komai ba, kuma gaskiyarsa ce. Ya ce yara ne. Na bincike littattafan nawa kaf, babu inda aka kwaikwayi jaruma da tawul.

Ba dariyar kaɗai ke ci mini rai ba. So nake in zama 'yar gida a gidan nan, ba baƙuwar da aka ba ɗaki ba. Ashe wata da watanni ni ce wasan kwaikwayonsu. Ki faɗa mini, yaya ake zama da yaran da suka mayar da ke abin dariya? Ni dai na nannaɗe sifikar na sa a kwali. Asabar mai zuwa zan kai wa ƙanena. An daina darasi.

Taki,
Mai Rufe Ido

'Yata Mai Rufe Ido,

Na yi dariya, ba zan ɓoye miki ba, ki yafe mini. Rigar da hawaye ba zai ɓata ba ce ta kayar da ni. Amma da na sake karantawa na ji zafin da kika ji. A kwaikwayi mutum a bayansa, a cikin gidansa, yana tsaka da abin da ya ɗauko da zuciya ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne, kuma Yaya ta isa ta san haka. Shi ma babansu, cewa yara ne ba amsa ba ce. Ki ce masa na ce ranar Asabar a kujerar katako zai zauna.

Yanzu ga nasu ɓangaren. Kin haɗa 'yar shekara huɗu da ɗan tara da budurwa kin ba su doka ɗaya, awa guda ba motsi. Ni da furfurata ba zan iya ba. Ƙaramin yaro da ƙafa yake jin kiɗa, irin su Injiniya da hannu. Ita kuwa Yaya tana shekarun da in abu ya taɓa zuciyarta gara ƙasa ta haɗiye ta da a gani, balle a gaban matar da ke zaune inda mahaifiyarta ke zama. Wataƙila abin da take gani in ta rufe ido ba na faɗa a falo ba ne. Ki daina wannan tambayar.

Sannan ki koma ki karanta wasiƙarki da kanki. Yarinya na bin baitoci da baki, wato ta haddace. Bokiti bai yi tuntuɓe ba, wato yaron ya kama kiɗan. Wa ya koya musu? Kin so su iya sauraro, sun iya, har sun kafa ƙungiya, ke kaɗai ce ba ki kalli wasan ba saboda idonki a rufe. Za ki ce don su yi miki dariya aka gyara sifikar. To, a ce haka ne. Ke dai suke jira ranar Asabar, kuma ban taɓa ganin baƙuwar da aka haddace yadda take cije leɓe ba.

Ki fito da sifikar daga kwali. Awa guda ta koma waƙa biyu ko uku, dokar rufe ido kuma a soke ta. Ki ajiye bokitin a tsakiyar falo da hannunki, ki miƙa wa Yaya tawul, ki ce kin ga wasan, sai dai wuyan bai lanƙwasu yadda ya kamata ba, ki nuna mata. Za ta ji kunya. Bar ta ta ji, kada ki ɗora da wa'azi. Daga baya, ku biyu a kicin, ki gaya mata a taƙaice cewa abin ya yi miki ciwo, ki ci gaba da aikinki.

Daga nan kowane mako mutum ɗaya ya zaɓi abin da za a ji. Ranar Yaya za ki san abin da ke cikin kunnen nan nata, kuma mai yiwuwa ya yi miki kamar ana jan kwano a siminti. Ki saurara har ƙarshe ba yamutsa fuska, ki tambaye ta ina ya fi mata daɗi. Kin zaunar da ita wata da watanni a kan naki, tana bin ki bashin wannan. Ranar Auta kuwa ki shirya wa waƙar kaza.

Ban yi miki alkawarin za ta ce miki Anti ba, ko wani ya faɗo jikinki. Yaran littafi marubuci ne ke sa su kuka a shafin da ya ga dama, naki ba su da marubuci. Rigar nan ki sa ki je unguwa da ita. Ƙanenki ya nemi tasa sifikar.

Allah ya ba ki haƙuri da su, ya ba su haƙuri da sarewarki, ya sa albarka a gidan.

Gwaggonki