Zaren Awon Ni'ima

Vaulx-en-Velin, Lyon

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya Kawu Rachidou da mutanen gida? 'Yata Ni'ima fa, tana zuwa makaranta?

Ni lafiyata lau. Ɗakin ne dai shiru ya yi masa yawa, amma na saba.

Ƙungiyarmu ta ɗinki ta yi baƙi. Mata shida ne daga Sin, shugabannin ƙungiyoyin koya wa mata sana'a, sun zo wata uku mu koyi aikin juna. Wadda aka haɗa mu sunanta Shulan. Matan ƙauye take koya wa saƙa, don su samu abin yi a gida, ba sai sun bar 'ya'yansu sun tafi birni ba. Da ta faɗi haka ban ɗago kai daga keken ɗinkin ba.

Jiya ta ga rigar sallar da nake ɗinka wa Ni'ima. Ta dubi hoton da kika turo, ta dubi rigar, ta ce, "Zaituna, yarinyar nan ta wuce wannan awon." Inna, ashe da awon ranar da na taho na yanka, shekara uku ke nan. Shulan ta zauna ta taya ni farke ɗinkin.

Don Allah ki tsayar da Ni'ima jikin bango, ki auna ta da zare daga kai har ƙafa, ki ba Alhaji Soumaïla in zai zo nan ya taho mini da shi. Kada ki gaya mata dalili.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Zaituna