Ba Ma Sayen Ƙarfe

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da 'yan biyuna da na bar muku. Mun sauka lafiya. A takarda nake rubuto maka in ɗauki hotonta in turo, don in na kira waya kuka ke ƙwace mini, ga maigidana Baban 'Yan Biyu da kunne kamar na zomo, ko barci yake sai ya ji.

An ba mu gado a asibiti, kusa da taga. Likita ya duba zuciyar tasa, ya ce aikin zai yiwu, har ya sa mana rana a ƙarshen wata. Sai dai mutanen nan ba su san "zan ciko" ba. Sai an ajiye kuɗin aiki gaba ɗaya a ofishin biya kafin ranar ta tabbata. Kuɗin wajen da ka canza mana kafin mu taso ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba, su ma gwaje-gwaje da ɗakin da nake kwana sun fara yagar su. Tun a gida na ce maka ba a fafe gora ranar tafiya, ka ce in bar wa mai sana'a sana'arsa. To, na bari. Yanzu ka canza sauran kuɗin filin da na injin yankan katakonsa ka turo mana.

Ɗan abin da ya rage a jakata na kuɗinmu na miƙa a wani kantin canji a filin jirgi, abin da yarinyar ta ba ni ko ruwan sha bai saya mana ba. Na tuna ka, na ce ashe akwai waɗanda wuƙarsu ta fi ta Yayana kaifi.

Mutuminka yana gaishe ka. Akwai injin shayi a baranda, ka saka masa takardar kuɗi ya ba ka kofi ya zubo maka canjin ƙarfe. Yana ta tara su a kwalbar magani. Wai ka tanadi buhu, in ya dawo a teburinka zai canza su ya zama attajiri.

Ƙanwarka,
Auta

Autar Inna,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode Allah da kuka sauka lafiya. Yara ƙalau suke, sun cinye mini gida, ɗayan ma ya fasa mini kalkuleta.

Ki kwantar da hankalinki. Kuɗinku na nan a hannuna, ko ƙuda bai sauka a kansu ba. Abin da ba ki sani ba shi ne kasuwa a sama take yanzu, kuma ta gaji da hawa. Shekara ashirin ina zaune a bencin nan na 'yan canji. In farashi zai faɗo, a jikina nake ji, yadda mai ciwon gwiwa ke jin hadari. 'Yan kwanaki kawai nake nema. In ya sauko na saya muku, rarar da za ta fito ta isa ta dawo wa mijinki Kafinta da injinsa. Ba na so ya warke ya dawo ya zauna hannu rabbana yana kallon shagon da babu komai a ciki. Ƙarshen wata da sauran nisa, gaggawa kuwa aikin shaiɗan.

Ki ce masa ya kai buhunsa gaba. Mu ba ma sayen ƙarfe, ko na wace ƙasa ne. Ga nauyi, banki ba ya karɓa, matafiyi ba ya nema. Ya shanye abinsa a shayi.

Allah ya ba shi lafiya, ya dawo mana da ku.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa. Jiya matar ofishin biya ta kira ni, ta juyo mini da kwamfutarta, ta nuna mini an cire sunanmu an sa na wani. Da murmushinta ta ba ni haƙuri. Na roƙe ta da ɗan abin da na tsinta na yarensu, har takardarka na nuna mata a waya, ta ce ita kuɗi take karɓa. An mayar da mu tsakiyar wata mai zuwa, shi ma sai in mun biya.

Wa ya ce maka inji muke so? Wallahi Yaya, ya dawo mini ya zauna a tabarma har ƙarshen rayuwarmu, ni zan ci da shi. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmin da ya zo da shi ba ya shiga. Daga gado zuwa bayi sai ya tsaya ya dafa bango ya huta. Ya daina shan shayin ma. Duk canjin da na dawo da shi daga kanti sai ya miƙo hannu ya jefa a kwalba, wai a ƙara a kuɗin aiki. Na kasa gaya masa abin da ke cikin kwalbar ko allura ɗaya ba zai saya ba.

Bai san kai ka riƙe ba. Na ce masa banki ne ke jan ƙafa, don ban so ya ji sunanka a cikin wannan magana. Ka saya yau, ko nawa ne. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, ga shi kuwa ya kawo.

Auta

Auta,

Na gaishe ki, in har kina amsa gaisuwata. Kasuwa ta juya mini baya. Washegarin ranar da na rubuto miki farashi ya yi tsalle. Na ce gobe zai dawo, gobe ta zo ya ƙara. Yanzu ba ta tsada ake yi ba, kayan ne babu. Kowa ya kulle nasa a durowa yana jira. Mutanen da muke cin abinci kwano ɗaya, da sun hango ni sai su kara waya a kunne. Banki kuma sun ce in cika takarda in shiga layi.

A farashin yau kuɗinku ba su kai ba, sai da na sayar da motata na cika. Wani ɗan kasuwa da ke sayo kayan gyaran mota a can ya tausaya mini. Na zuba masa namu a nan, wakilinsa zai kawo miki nasu har asibiti. Ya ce jibi, in Allah ya so.

Ina ta roƙon Allah kada garin neman gira in rasa ido. Ki ce wa Kafinta ya ƙara mini haƙuri kaɗan.

Yayanki

Yaya,

Salam. Wakilin ya zo yau da hantsi, mutumin kirki. Kuɗi sun cika, sababbi fil, ko lanƙwasa babu. Ya same ni a baranda kusa da injin shayi, da jakar kayan Baban 'Yan Biyu a cinyata. Allah ya karɓi abinsa jiya bayan la'asar, hannunsa yana cikin nawa.

A nan za a binne shi. Daga cikin kuɗin na sallami asibiti, na sayi likkafani da wurin kabari. Sun isa har da saura. Ka ga rarar da kake nema ta fito.

Kada ka gaya wa yara, ni zan gaya musu da bakina. Kuma kada ka zo taro na a filin jirgi.

Auta

Auta,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya ba ki haƙurin da ni ban cancanci in roƙa ba.

Anti ta ce kin zo kin ɗauki yara lokacin da ba na gida. Ban ga laifinki ba. Ban san sau nawa na zo ƙofarki ba, in tsaya ina kallon kwaɗon shagonsa, in juya. Na koma benci, amma in mutum ya tsaya ya ce "Nawa yau?" sai in nuna masa teburin maƙwabcina. Ki zage ni, Auta, ki tara mini mutane. Komai ya fi mini wannan shirun.

Yayanki, in kin yarda

Yaya,

Na gaishe ka. Ga kwalbar ƙarfen nan tasa na ba Anti ta kawo maka. Ashe ya sani. Ana gobe zai rasu ya ce mini, "Banki ba ya jan ƙafa haka. Yaya ne ke nema mini injina. Ki kai masa wannan, ki ce na yafe, kuma wannan karon dole ya saya."

Saƙonsa ke nan, na isar, ban taɓa ko ɗaya a ciki ba. Shi ya yafe. Ni ban kai nan ba tukuna, kuma kada ka tambaye ni yaushe. Kai ma ka jira.

Ƙanwarka,
Auta