Aikin da Aka Rubuta da Sunana

Hamamatsu, ƙarshen Janairu

Zuwa ga Yayana Nobuo,

Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rosana da yara. Allah ya sa gwiwar nan taka ta daina damunka, ko da yake na san ba ka zuwa wurin likita sai an ja ka da igiya. Na ga hoton sabuwar shekara da kuka turo daga Curitiba, kowa da gajeren wando kuna shan kankana, mu kuwa a nan iskar da ke saukowa daga duwatsu tana neman cire mana kunnuwa. Ka yi ƙiba, Yaya, kada ma ka musa.

Baba a jiki lafiyarsa ƙalau. Ya ci wainar shinkafa ta sabuwar shekara har sai da na ƙwace kwanon don kada ta shaƙe shi, ya wuni yana fushi da ni. Mantuwar ce dai take ƙaruwa. Ran nan ya ɗora tukunya a wuta ya fita duba itatuwan lemonsa, ba don na dawo ɗaukar lema ba da yanzu wani labarin nake ba ka. Gwaggo Tomie ta zo gaisuwar shekara, ta kunna wa Inna turare a gaban hotonta, ta zauna ta lissafa mini duk waɗanda suka rasu a unguwarsu bara, sannan ta ce na rame. Ita ma ƙafa ta fara ƙi mata, a tasi ta zo a tasi ta koma.

Ka san ba ni da al'adar rubuta takarda da hannu. Amma abin da ke cina idan na ce a waya zan faɗa maka, masifa zan fara, kai kuma ka hau dariya, mu rabu ba a yi maganar ba. Tun bazarar da ta wuce kamfaninmu ya yanke shawara cewa sababbin injinan gwada birki ba za a ƙara sarrafa gwajinsu da yaren C ba, wanda na yi kusan shekara talatin ina rubutawa. Wai yanzu da Python za a yi, irin yaren nan na kwamfuta da ba ya jiran komai, kana gama rubutawa ya kama gudu. Oga Tokuda, shugaban sashenmu, ya tara mu tsofaffin hannu ya ce wanda ya iya sabon yaren kafin watan Maris zai ci gaba da zama a kujerarsa, wanda bai iya ba kamfani zai nema masa wurin da ya dace da shi. Kowa ya san wurin nan: reshenmu na Sendai, inda ake wuni ana amsa wayar masu ƙorafi. Ni ba amsa waya nake tsoro ba. Idan aka tura ni Sendai, wa zai kashe wa Baba wuta?

Da farko raina abin na yi. Na ce yaren da ake koya wa 'yan sakandare a hutu, ni zai gagara? Kai, Yaya, ashe wanda bai san komai ba ya fi ni sauƙin koyo. A C komai sai ka faɗi sunansa da irinsa: wannan lamba ce, wannan kalma ce, ga girman wurin da zai zauna. Ka aro wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, ka mayar da hannunka. Idan ka yi kuskure, tun kafin injin ya motsa za a tare ka a ce koma. Wannan kuwa gidan da ba babba ne! Abin da ka zuba wa lamba da safe, da rana sai ka tarar da kalma a ciki, ba wanda ya ce uffan, sai gwaji ya yi nisa sannan ya tsaya cak ya watsa maka jan rubutu. Na taɓa ɓata kwanaki ina gina abin da zai karanta sakamakon gwaji ya jera shi, na gama ina jin daɗi, sai na gano wani bawan Allah a wata ƙasa ya riga ya rubuta shi, layi ɗaya ake kiransa da shi. Na tambaya wa ya duba aikin mutumin nan, wa ya san shi? Aka ce ai kowa da shi yake amfani. To, kowa! Birki fa muke gwadawa, ba wasan yara ba. Hannuna ma ya ƙi ba ni haɗin kai, ina ce masa ga sabuwar hanya, yana komawa tsohuwa kamar akuyar da ta saba da gida ɗaya.

Duk da haka na dage. Ina dawowa in dafa wa Baba, in yi masa ruwan wanka, in buɗe littafi da tabarau a hanci. Kuma abin ya yi kamar yana tafiya. A wurinmu duk aikin da ka rubuta sai wani ya duba shi kafin a shigar da shi rumbun kamfani, kuma duk gyaran da mai dubawa ya rubuta a ƙarƙashinsa, kowa a sashen yana gani. Mai duba nawa ita ce Misuzu. Ka tuna ta, wadda na taɓa kawowa gida cin lemo lokacin da ka zo, Baba ya cika mata jaka. A hannuna ta fara aiki, yanzu ta zama uwar 'ya'ya biyu, ita ce ma gwanarmu a sabon yaren. Wata da watanni ina tura mata aiki yana dawowa da kalma ɗaya: ya yi. Ko gyara ɗaya babu. Har na fara ɗaga kai a hanyar zuwa ɗakin cin abinci, ina ce wa sauran tsofaffin ai abin ba wuya, haƙuri ne kawai.

Sai ranar wani taron safe a farkon watan nan. Oga Tokuda ya ce yana so matasa su ga yadda gogaggen hannu yake rubuta Python, ya haska aikina a babban allo, ya ce in tashi in yi bayani. Na tashi, na gyara tabarau, na duba. Yaya, sunana ne a sama, amma aikin da ke ƙasa ban san shi ba. Abin da na rubuta ya fi shafi biyar, wannan bai cika rabin allo ba, tsaf da shi, akwai ma layukan da ban san me suke yi ba. Na tsaya da baki buɗe, mutane kusan ashirin suna kallona, har wani ya ciro biro zai rubuta hikimar da zan faɗa. Sai Misuzu ta yi tari ta miƙe, ta ce wai na yi fama da mura muryata ba ta fita, bari ta taimaka, tunda na riga na yi mata bayaninsa. Ta yi bayanin tas, tana cewa a nan Anti Hisae ta yi dabara kaza, a can Anti Hisae ta hango kaza. Aka tafa mini. Na rusuna na zauna. Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da rana na ja ta shagon taliyar da ke bayan tasha. Tun kafin a kawo abinci ta fara rusunawa, goshinta har yana taɓa tebur. Na ce ta ɗago, ni ba gunki ba ce, ta gaya mini tun yaushe. Ta ce tun aikin farko. Wai abin da nake rubutawa yana aiki, ba wai ba ya yi ba, sai dai C ne aka sa masa rigar Python, kuma duk wanda ya zo gyara shi nan gaba sai ya yi kuka. Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce haba Anti, ta yaya za ta rubuta wa wadda ta koya mata kunna na'ura gyara a inda 'yan bana za su karanta? Wai da ta yi haka gara ta ajiye aikin. Shi ne take sake rubutawa a lokacin hutunta ta bar sunana a kai, tunda ita ke shigarwa rumbu, ni kuma ba na waiwayar abin da aka ce ya yi. Ta ƙara da cewa ta san halin da Baba yake ciki, ba ta so a tura ni Sendai. Ka ga irin ta, ko? Ina so in shaƙe ta, ina so in rungume ta. Rabin shekara ta tafi a banza, Yaya. Da tun ranar farko ta ce mini Anti wannan ba haka ake yi ba, da na yi fushin kwana biyu na koya. Ladabinta ya cinye mini lokacin da ba ni da shi.

Na san abin da za ka ce: in ja bakina in yi shiru, Maris ya wuce, in koya a hankali. Na yi wannan tunanin, kada ka ɗauka ni waliyyiya ce. Amma washegari Oga ya kira ni yana fara'a, ya ce tunda hannuna ya faɗa haka, ni zai riƙa turawa masana'antun da suka sayi injinanmu in gyara musu gwaji a wurin, ni kaɗai. In je in taɓa abin da ke cewa birkin mota ya yi ko bai yi ba, da yaren da rabinsa nake ji? A'a. Na koma na ce wa Misuzu daga yau ta duba aikina kamar na sabon ɗauka, ta rubuta komai a inda kowa zai gani, in kuwa ta sake taɓa mini layi ɗaya a ɓoye to ni da ita har abada. Ta roƙe ni, na ƙi. Aikin da na tura a makon ya dawo da gyaran da ya fi aikin kansa tsawo, kowanne ta fara shi da neman gafara. A sashen ba mai haɗa ido da ni, kamar an yi mini rasuwa. Abin haushin kuma, duk gyaran nata gaskiya ne. A sati ukun nan na koyi abin da ban koya ba tun bazara, jiya ma na rubuta wani abu gajere da kaina ya tafi daidai, na rasa wanda zan nuna wa.

Oga Tokuda ba yaro ba ne, ya karanta ya haɗa ɗaya da ɗaya. Bai tsawata wa Misuzu ba, na gode masa da wannan. Ni kuma ya kira ni ya ba ni shayi da hannunsa, ya yabi shekarun da na yi wa kamfani, ya ja iska ta haƙoransa ya ce maganar Maris tana da ɗan wuya, amma za a duba. Kai ma ka yi aiki a ƙasar nan kafin ka tafi, ka san idan babba ya ba ka shayi da hannunsa ya ce za a duba, fara neman kwalin haɗa kayanka.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Zan ci gaba da dagewa har ranar da za a kafe sunayen waɗanda za a tura Sendai, wataƙila su ga inda na kai su bar ni. Amma idan sunana ya fito, ba zan iya ajiye aiki saura 'yan shekaru in yi ritaya ba, Baba kuma ba zai bi ni Sendai ba, a gidansa ma da ƙyar yake gane ɗakin wanka. Tun da Inna ta rasu ban taɓa ce maka ka zo ba, ko sau ɗaya, don na san kana da naka nauyin. Yanzu ina cewa. Ka zauna da Rosana ku yi magana, ka zo kafin ƙarshen Maris, ko na 'yan watanni ne, mu ga yadda za mu yi da mahaifinmu mu biyu. Kada ka aiko mini da kuɗi, ba su nake nema ba.

Ka gaishe mini da Rosana da kyau, ka ce na gode da garin kofin da ta aiko. Ka gaishe da Tiago da amaryarsa, da Emi, ka ce mata ta riƙa amsa saƙon gwaggonta. Gwaggo Tomie tana gaishe ku. Baba bai san komai game da Sendai ba, kada ka taɓo masa maganar a waya. Ɗazu ya leƙo ya ga ina rubutu, na ce masa kai nake rubuta wa. Ya yi murna ƙwarai, ya ce in gaishe ka, in kuma tambaye ka yaushe za a ba ku hutu a makaranta, ya daɗe bai gan ka a gida ba.

Taka ƙanwa,
Hisae