Zanen da Ba a Ɗaurawa

Ya sanyin idona, inuwata a tsakar rana, mai yatsun da fenti ba ya rabuwa da su,

Ina gaishe ki da gaisuwa mai yawan ganyen bishiyar ƙofar gidanku. Tun ranar da na kawo iyayena gidan adana zane-zane kin daina ɗaukar wayata, shi ya sa na koma ga takarda, don ita ba a kashe ta. Ki karanta har ƙarshe, masoyiyata, sannan ki yanke mini hukunci.

Na san abin da ya ƙona miki rai, amma ba ki san mafarinsa ba. Tun da na faɗa wa Umma cewa wadda nake so in aura mai zane ce, ashe ita ta ɗauka zanen ɗaurawa kike sayarwa. Da na ce za a baje kolin zanenki, sai ta gayyato Gwaggo, ita kuma ta zo da ƙatuwar jaka wai za ta zaɓi turmi biyu. Ni ina ta murnar ganin ɗokinsu. Ban farga ba sai da Gwaggo ta ƙare wa fararen bangayen kallo, ta tambayi mai gadi ta ina ake shiga wajen atamfofin. Baba kam ko a jikinsa. Tsohon mai gyaran lantarki ne, kansa na sama yana yaba yadda aka jera fitilu, ko allon zane ɗaya bai duba ba.

Cikin wannan kunyar Umma ta tsaya gaban babban allonki, mai shuɗin nan da siririn layin rawaya a ƙasa, ta ce kamar yaro ya kifar da bokitin fenti aka rasa mai gogewa. Ba ta san naki ba ne, ba ta kuma san kina bayanta da murmushin gaisuwa ba. A kan idona murmushin ya mutu. Kika durƙusa kika gaishe ta, kika ce ana nemanki a ofis, ba ki dawo ba. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

To amma, abar ƙaunata, kina zaton magana ɗaya za ta raba ni da ke? Ni da na ga haihuwar shuɗin nan a ɗan ɗakin aikinki, kina haɗa launi kina ɓatawa kina sakewa, har kika manta kika tsoma burushi cikin kofin shayinki, muka yi dariya har da hawaye? Tun ranar, in na ɗaga kai na dubi sama sai in ga launinta bai kai naki ba. Kwanakin nan da ba na jin muryarki, zuciyata ta bushe kamar shukar da aka manta ba a ba ta ruwa ba. Wayyo, kewarki na cina!

Ga abin da ba ki gani ba. Bayan fitarki na gaya wa Umma cewa ke ce mai allon. Na kuma gaya mata, cikin ladabi, a gaban Baba, cewa ke zan aura ko ta gane zanen ko ba ta gane ba. Ban taɓa yi mata magana irin wannan ba. Sai ta zauna a bencin da ke fuskantar allon. Muka zaga sauran ɗakuna, Gwaggo ta sha dariyar wata kujera da aka rataye kanta a ƙasa, Baba ma ya tsaya yaba wani tsuntsu da aka ƙera da cokula. Muka dawo muka iske Umma inda muka bar ta.

Ba zan yi miki ƙarya ba, har yau ba ta ce ta amince ba. Amma jiya tana ninke wanki, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, “Layin rawayan nan hasken ƙarƙashin ƙofa ne. Shi na zuba wa ido a asibiti ranar da aka shiga da babanku tiyata. Ka mayar da ni wurin, ban gama kallo ba.”

Ki sani, Umma ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, da ƙafa take bayarwa. Ranar Asabar, da an buɗe ƙofar gidan zane-zanen, zan kawo ta. Ba na roƙon ki yi mata bayani, ba na roƙon ki yi murmushi. Ki zo kawai ki zauna kusa da ita. In ba ki zo ba, zan sake kawo ta wata Asabar, da wadda ke bin ta, har a sauke allon daga bango. Ranar da aka sauke shi kuwa, ƙofar gidanku zan kawo ta, kuma na san za ta biyo ni.

Naki, yau da gobe, har ranar da numfashina zai tsaya,
wanda ba shi da wata sai ke.