Baba Ya Ce I Sau Biyu

Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma sauƙaƙa miki wahalar aikin asibiti. Mu nan sai godiya. Auta ya koma makaranta, Goggo kuma ƙafarta ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida ba sanda.

Na san hankalinki ya tashi da kika ji an kai Baba asibiti, har kin fara maganar neman izini ki taho. A waya na kasa yi miki bayani, don kina kuka ni kuma dariya na neman ƙwace mini, sai kika ɗauka ruɗewa na yi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto miki komai. Kin dai ga yadda kika bar shi bayan rasuwar Mama. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da lissafi, wanda ba a tashi daga cin abinci sai ya sa wani ya ƙware don dariya, shi ne ya koma shiru. Sai in kai masa abinci ɗaki, in dawo in tarar da cokali a inda na ajiye shi.

To, da hutun ƙarshen shekara ya zo, Kawu Direba ya taho da iyalinsa, gida ya cika. Na dafa shinkafa da kaji da kifi, muka lallaɓa Baba ya fito falo ya zauna cikinmu. Yaya, sai ga shi ya cinye farantinsa tas. Goggo ta tambaye shi ko a ƙara, ya ce i. Ya share wannan, ta sake tambaya, ya sake cewa i. Na ce masa ya yi a hankali, wannan fa faranti na uku ne. Sai ya ɗago ya dube ni da fuskar nan tasa ta aji, ya ce wai a lissafi akwai wata lamba da ake rubutawa da harafin i, lambar ƙage ce, ba a ƙirga ta da yatsu. In aka ninka i da i, amsar ita ce ɗebe ɗaya. Saboda haka tunda ya ce i sau biyu, ba ƙari aka yi masa ba, farantin farko ma an ɗebe, har yanzu bai ci komai ba.

Falo ya kaure da dariya, har waɗanda ba su gane ba. Kawu ya ce lambar dai ƙage ce, amma tumbin da yake gani na gaske ne. Baba ya ce shi ɗebewa kawai yake yi daga tukunya, in ciki ya mayar da ita tarawa ba ruwansa. Ya ce shekara da shekaru yana taya yara cin jarrabawa, yau a bar shi ya ci abin da ake taunawa. Wallahi babu wanda ya iya hana shi. Ni kam kicin na shiga na share hawaye, don na manta yadda muryarsa take in yana raha.

Can da yamma sai ya dafe ƙirji, gumi na keto masa. Nan muka rikice, Kawu ya jawo mota muka yi asibiti. Likita ya duba zuciyarsa ya ce lafiyarta ƙalau, cikin da ya saba da ɗan kaɗan ne aka yi wa lodi. Baba na kwance yana nishi, amma sai da ya yi wa likitan bayanin i sau i. Likita ya yi dariya ya ce to daga yau a riƙa cewa i sau ɗaya.

A hanyar dawowa na ga fuskarsa ta canza, na ɗauka ciwon ne. Ashe ba shi ba ne. Ya ce mini tun da Mama ta tafi, ranar ce ta farko da ya ji ɗanɗanon abinci, kuma kunya ta kama shi, kamar ya manta da ita. Na ce masa da tana nan ita ce za ta fara cika masa faranti, sannan ta yi masa faɗa. Sai ya ce ba abincin ne yake ƙi ba, ci shi kaɗai ne ba ya iyawa, in daina kai masa ɗaki. Yanzu tare muke ci, kaɗan kaɗan, kuma jikinsa ya fara dawowa.

Don haka ki kwantar da hankalinki, kada ki bar aikinki. In kin kira shi, don Allah ban da faɗan ma'aikatan jinya. Ki ce ya ba ki labarin da bakinsa, yana nan yana jiran wanda bai ji ba.

Ki gaishe da maigidanki, da 'yan biyu, da Ƙaramar Mama. Goggo da Kawu da Auta suna gaishe ku. Allah ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa,
Mai Ɗinki