Ragar da Ke Ƙarƙashin Allura

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da ruwanki. Mai kemis ne ke rubuta min, na kuma ce ya rubuta yadda na faɗa, kada ya zuba sukari a ciki.

Saƙonki ya iso, wai in aiko miki da ragar tace ruwa da mahaifiyarki ta fara ɗinka miki. Ba zan aiko ba. Tana nan ƙarƙashin allurar keke yadda ta bar ta, ko zaren ban yanke ba, yau wata biyar. Ranar da muka kai ta makwancinta kina tsakiyar teku kina neman ƙwarin da ido ba ya gani. Ni da ido ke gani ba ki neme ni ba. Waya kuwa ki daina wahalar da kanki, ba zan ɗauka ba.

In kina son sanin yadda nake, da hantsi nakan zauna gefen keken in yi mata waƙa. Da tana raye cewa take, "Malam, wannan murya taka sai ka ce ƙofar shago." Shekara arba'in ina rera mata, ko baiti ɗaya ba ta riƙe ba. Yanzu dai ba ta da bakin katse ni.

Na gaishe ki, ba don na huce ba.
Babanki

*

Baba,

Ina gaisuwa cikin ladabi. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya jiƙan Mama.

Ranar da labari ya same ni, tsakanin jirginmu da gaɓa tafiyar kwana shida ce. Ba uzuri nake kawowa ba, so nake dai ka sani.

Ƙwarin nan naka, Baba, da za ka leƙa madubinmu mai ƙara girman abu ka gan su! A cokali ɗaya na ruwa akwai dubbai, wasu kamar taurarin gilas, wasu kamar 'yan kunne. Kusan rabin iskar da ke rayar da mu daga gare su take. In sun mutu ba sa faɗuwa farat ɗaya. A hankali suke sauka, kamar garin da ake tankaɗewa, sai su yi makonni ba su kai ƙasan teku ba. Haka rasuwar Mama ke sauka a cikina, har yau ba ta kai ƙasa ba.

Ba don aiki nake son ragar ba, ofis na da na kanti. Ka tuna rubutun da take yi da biro a kalmasar bakin kowace raga? Don Allah ka sa mai kemis ya karanta maka wanda ke jikin wannan.

'Yarka mai neman gafara

*

'Yata,

Bayan gaisuwa. Wannan rubutu na sha ganin sa, na ɗauka awo ne irin na teloli. Ina zan sani, ni da ba a kai ni makaranta ba, aka kai ƙanena?

Kwana uku na yi ina jan rai, sannan na shigo da mai kemis ɗakin, na sa ya cire takalmi. Ya durƙusa gaban keke da tabarau a kan hanci, ya karanto:

"Ke ce inuwar da nake komawa,
In rana ta…"

Nan biron ya tsaya. Waƙata ce! Tun shekarar da muka yi aure na yi ta, ina zaune a bakin sana'ata ina gyaran wani takalmi. Ranar cewa ta yi in yi shiru, ina tsorata mata kwastomomi. Ashe matar nan ɓarauniya ce. Mai kemis yana dariya, na ce ya rubuta hakan, ɓarauniya.

Bayan ya fita barci ya sace ni a kujera, rana tsaka. Sai na ga ɗakin ya cika da ruwa har rufi, amma ina numfashi lafiya lau. Garin nan naki yana sauka a hankali, yana zama a kan gado, a kan kafaɗata, a kan ɗankwalin mahaifiyarki. Tana taka keke, ba ƙara. Na rera mata baitin, na ce, "Kin ji kuwa?" Ba ta ɗago ba, ta ce, "Ka ci gaba mana, wa ya hana ka?"

Sauran ragogin, me ta rubuta a jikinsu? Ba roƙo nake ba, tambaya ce.

Babanki

*

Baba,

Barka da warhaka. Raga bakwai ne, waƙa bakwai. Duk safiya mukan zura ɗaya cikin ruwa, ta nutse har inda haske ke ƙarewa, ta dawo da baitinka a jiƙe. Abokan aikina sun san wadda ka yi ranar da aka haife ni, har sukan tsokane ni da ita.

Ba zan rubuto su ba. Ita ta hana ni faɗa maka, wai kanka zai kumbura. Amma ba ta hana ni rera maka ba. Jirginmu zai tsaya ƙarshen wata.

'Yarka

*

'Yata,

Gaisuwa. Na yanke zaren.

Keke ya ƙi ni, sai na ƙarasa ɗinkin da basillar takalmi. Hudojin sun yi girma, rabin ƙwarinki ta nan za su tsere. Su tsere, su ma suna da iyaye. Mai kemis ya cike baitin da hannunsa mai kama da tafiyar kaza.

Ba zan ba kowa ya kawo miki ba. Mai so ta zo ta ɗauka. Ki taho da bakwai ɗin, ko a jiƙe ne.

Wayar nan kuma na sa an ƙara mata ƙara, don kunnena ne ya yi nauyi, ba wani abu ba.

Allah Ya kawo ki lafiya.
Babanki